Darasi: Hikimar Taimakon Baƙo da Iyalinsa a Unguwannin Hausawa na Kudu

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin Hausawa a Fatakwal, Anacha da Inugu zai iske fatake, mahauta, 'yan dako da 'yan ci-rani waɗanda suka baro danginsu a Arewa. Idan ciwo, bashi ko tashin hankali ya same su, babu kawu ko gwaggo a kusa. A watan Fabrairu na 2006, bayan tarzomar Maiduguri, rikici ya ɓarke a Anacha. 'Yan Arewa da yawa suka fake a barikin soja, waɗansu kuwa suka ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Asaba. Mutumin da ya sha irin wannan wahala yana bukatar abinci da bargo, yana kuma bukatar wanda ya iya sauraronsa. Bari mu duba yadda mai aikin jin daɗin jama'a zai bi da mutum ɗaya, da iyali, da ƙungiya.

1. Aiki da mutum ɗaya

A shekarar 1957, wani malami a Amurka mai suna Felix Biestek ya tsara ƙa'idodi 7 na wannan aiki. Daga cikinsu akwai karɓar mutum yadda yake ba tare da yanke masa hukunci ba, barinsa ya zaɓi hanyarsa da kansa, da kuma riƙe masa sirri. A ce ɗan dako ya zo maka yana kukan kuɗin haya. Kada ka yi saurin sa hannu a aljihu. Ka gaishe shi, ka ba shi wurin zama, ka ce, "Malam, yaya abin ya faro?" Sa'an nan ka maimaita masa abin da ka ji domin ya gyara maka. Wataƙila ka tarar ciwon baya ne ya hana shi fita aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Game da sirri kuwa, a unguwar da kowa ya san kowa, maganar da ta fita da safe takan isa garinsu kafin dare. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

2. Aiki da iyali

Iyalin baƙo yakan rabu biyu: waɗansu suna nan, waɗansu suna gida. Ka ɗauki takarda ku zana iyalin tare: wa ke aika kuɗi, wa ke jiransu, maganar wa ake ji? Sau da yawa mai yanke shawara yana Kano ko Sakkwato, sai an neme shi ta waya. Idan akwai saɓani, a saurari miji da mata dabam dabam kafin a haɗa su, kuma ya fi kyau mace ta zauna da matar gida. Amma sirri yana da iyaka. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. In ana cutar da yaro, wajibi ne a kai maganar ofishin jin daɗin jama'a, kuma ka faɗa wa iyalin wannan iyaka tun farko.

3. Aiki da ƙungiya

Kafin ka tara mutane, ka fara gaida Sarkin Hausawa da dattawan unguwa. Ka tuna cewa waɗanda ake kira Hausawa a Kudu sun haɗa da Fulani, Barebari, Nufawa, mutanen Filato da na Nijar, addininsu ma ba ɗaya ba ne. Ka soma da abin da ka iske, kamar adashin mata ko ƙungiyar 'yan kasuwa. Mutum 6 zuwa 10 sun isa zama ɗaya. A yarda da dokokin zaman tun ranar farko, a hana mai yawan magana danne saura, a jawo mai shiru a hankali.

Kammalawa

Ya mai karatu, ka san iyakar iyawarka. Mai ciwo a kai shi asibiti, maganar shari'a a kai ta ga lauya. Bayan mako guda ka koma ka ji ko an karɓe shi, ka kuma rubuta abin da aka yi a littafin da kai kaɗai kake buɗewa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A wane hali ne ya kamata a bayyana sirrin da aka ba ka?
2. Yaya za ka sa dangin da ke nesa cikin shawara?