Hanyar Masara Daga Kontagora Zuwa Kamfani: Bayani Kan Oda da Kwamfuta

Garin Kontagora, wanda Umaru Nagwamatse ya kafa a shekarar 1864, yana kan babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Ibadan da Ilori da Jebba, ta zarce Yawuri da Sakkwato. Wata hanyar kuma ta rabu daga nan ta bi ta Tegina zuwa Kaduna. Saboda wannan matsayi, da kuma albarkar ƙasar noma da ke kewaye da shi, ya zama matattarar masara da dawa da wake da gyaɗa da ake kawowa daga ƙauyukan Mariga da Mashegu da Rijau. Wannan ƙasida za ta bayyana abin da ke faruwa da buhun masara bayan ya bar hannun manomi, da dalilin da ya sa wani falke yakan kai kaya kamfani lafiya, amma kuɗinsa su maƙale makonni.

A da, ban da kasuwa, gwamnati ce babbar mai saye. A 1977 aka kafa hukumomin cinikin amfanin gona na ƙasa, cikinsu har da Hukumar Hatsi mai hedkwata a Minna. A 1986 aka rushe su. Tun daga lokacin, manyan masu saye su ne kamfanonin abincin kaji da na niƙa gari da sauran masana'antu, kuma da yawa daga cikinsu ba sa sayen ko buhu guda sai ta hanyar kwamfuta.

Sarƙar Daraja

A 1985 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Harvard ta Amurka, Michael Porter, ya yaɗa wata hanya ta nazarin kasuwanci da ake kira sarƙar daraja. Manufarta mai sauƙi ce: a ɗauki kaya a bi su mataki mataki, a kowane mataki a tambaya, me aka kashe a nan, me kuma aka ƙara wa kayan wanda mai saye zai yarda ya biya? Shi ya yi maganar ayyukan cikin kamfani guda ne, watau shigo da kaya, sarrafa su, fitar da su, talla da sayarwa, da kula da mai saye bayan ciniki. Daga baya masana suka shimfiɗa ma'aunin a kan dukan hannuwan da kaya ke bi.

In aka auna masarar Kontagora da shi, za a ga manomi ya girbe ya sussuka, ɗan sari ya tara a kasuwar ƙauye, dillali ya haɗa shi da falke, 'yan dako sun loda, direba ya ɗauka, mai sito ya ajiye. Kowane ɗayansu yana cin rabonsa, amma ba kowa ke ƙara daraja daidai da abin da ya ci ba. Wanda ya shanya masara ta bushe sarai, ya sheƙe ta, ya tsince tsakuwa, ya auna ta da sikeli, ya ƙara mata daraja ta gaskiya. Wanda ya juye ta daga wani buhu zuwa wani kawai, tsada ya ƙara mata.

Maganar bushewa ta fi kowace muhimmanci, don nan ne asara ke ɓuya. Masarar da za a ajiye ana so laimarta ta sauko zuwa kashi 13 ko 14 cikin ɗari. Wadda aka sa a buhu tana da kashi 18, in ta bushe zuwa 14, kowane kilo 100 zai rage kusan kilo 5. Ruwa ke nan aka saya da kuɗin hatsi. Bayan haka, masara mai laima tana yin fumfuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke cutar da hantar mutum da dabba, kamfani kuwa yana da ikon ya mayar da mota duka saboda ita.

Yadda Oda Ke Tafiya

Manyan kamfanoni suna amfani da manhaja guda da ta haɗa ofishin saye da na sayarwa da sito da ofishin kuɗi. A taƙaice ana kiranta ERP. Mafi shahara ita ce ta kamfanin SAP, wanda wasu injiniyoyi biyar da suka bar IBM suka kafa a Jamus a 1972. Akwai kuma ta Oracle da ta Microsoft, da Odoo wadda ƙananan 'yan kasuwa suka fi iya ɗauka. Sirrinta shi ne, abin da aka rubuta sau ɗaya, kowane ofis shi yake gani, ba mai sake shi sai an san wanda ya sake.

Ga misali. Wani kamfanin abincin kaji a Ibadan yana bukatar masara tan 30, watau buhu 300 masu kilo ɗari ɗari, lodin tirela guda. Zai nemi farashi, falken Kontagora ya ba da nasa a rubuce. In an daidaita, kamfani ya fitar da oda mai lamba, wadda ta ƙunshi irin kaya, nauyi, iyakar laima, farashin kowane tan, ranar kawowa, da kwanakin da za a yi kafin biya. Takardar nan guda fuska biyu gare ta: a wurin kamfani odar saye ce, a wurin falke odar sayarwa. In falken yana da irin wannan manhaja, da ya shigar da odar za ta duba masa ko akwai buhu 300 a sito, ta keɓe su kada a sayar wa wani, ta duba ko kamfanin bai wuce iyakar bashin da aka yarje masa ba, sa'an nan ta fitar da takardar lodi. Da mota ta tashi, sai ta rage adadin daga lissafin sito, ta rubuta takardar neman biya. In ba shi da ita, littafi da alƙalami za su yi wannan aiki, muddin an bi matakan daki-daki.

Inda Kuɗi Ke Maƙalewa

A ƙofar kamfani mota za ta hau babban sikeli da kayanta, ta sake hawa bayan an sauke. Za a soki buhuna a ɗebi samfur a gwada laima. Ma'ajin sito ya shigar da abin da ya karɓa. Kafin a biya ko kobo, kwamfuta tana gwada takardu uku: oda, da shaidar karɓar kaya, da takardar neman biya. Sai sun yi daidai da juna, ko bambancin bai wuce ɗan rangwamen da kamfani ya ƙayyade ba, sa'an nan ta saki kuɗi.

To, a ce kowane buhu ya gaza da kilo 2, abin da ido ba zai gane ba a kasuwar da ake ciniki da cikar buhu. Cikin buhu 300 an rasa kilo 600, daidai da buhu 6. Falke ya nemi kuɗin tan 30, sito ya rubuta tan 29 da kilo 400. Nan take manhaja ta toshe biyan kuɗin gaba ɗaya, ba na buhu 6 kaɗai ba, har sai an gyara takarda. Sau da yawa falke yakan zaci wani ma'aikaci ne ke neman na goro, alhali ma'aikacin ba shi da ikon buɗe abin da na'ura ta kulle. Haka ma in an manta lambar oda a kan takardar neman biya, ko sunan da ke kan asusun banki ya bambanta da wanda aka yi rajista da shi. A halin nan kuwa manoman da suka ba da kaya bisa amana suna jiransa a gida, direba ma yana jiran cikon kuɗin mota.

Abin da ya kamata falke ko ƙungiyar manoma su yi shi ne su auna kowane buhu da sikeli kafin lodi, su gwada laima da ɗan ma'aunin hannu, su karanta sharuɗɗan oda kafin su sa hannu, musamman layin da ya faɗi nawa za a zaftare in laima ta haura. Ya fi kyau a dakata da rubuta takardar neman biya sai an karɓi tikitin sikelin kamfani, a rubuta nauyin da ke kansa, a maƙala kwafinsa a jiki tare da lambar oda.