Ƙungiyoyin bakin iyaka, ku san ƙofar kotu a buɗe take

Ni lauya ne, kuma yawancin waɗanda nake aiki da su shugabannin ƙungiyoyi ne: na direbobi, na 'yan kasuwa, na mata da na matasa, tun daga Katsina har Jibiya da Kusa. Kokensu kusan ɗaya ne. An tsare mota kwana da kwanaki babu takarda, an ƙwace buhun hatsin da magidanci ya sayo wa iyalinsa, an lakaɗa wa yaron mota duka a shinge, an kulle wani ba a kai shi gaban alƙali ba. Abin da muka saba yi shi ne mu kira 'yan jarida, mu rubuta takardar koke, ko mu je gaishe da wani babba. Duka suna da amfani. Sai dai akwai hanyar da muka bari a baya, wato ƙungiya ta zaɓi ƙorafi guda cikin ɗaruruwa, ta tsaya masa a kotu, da nufin hukuncin da zai fito ya zama doka a kan duk mai irin wannan matsala.

Masu sana'ar ƙetare iyaka su fara da sanin wannan. Ƙarar farko da kotun ECOWAS ta saurara, ɗan kasuwa ne ya kai ta, kuma a kan rufe iyaka. A 2003 Najeriya ta rufe iyakarta da Benin, wani ɗan kasuwa mai suna Olajide Afolabi ya yi asara, ya garzaya kotun da ke Abuja. A 2004 aka kori ƙararsa, domin a lokacin gwamnatoci kaɗai ke da ikon shigar da ƙara a can. Lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka riƙe wannan faɗuwa hujja, suka matsa wa shugabanni lamba, har aka gyara dokar kotun a watan Janairun 2005. Tun daga nan talaka na iya kai ƙarar gwamnati kai tsaye idan an tauye masa haƙƙi, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba.

Wadda ta fi kowa nuna amfanin gyaran nan maƙwabciyarmu ce, Hadijatou Mani, daga yankin Ƙonni a Nijar. Tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan kuɗi sefa 240,000, aka kai ta gidan wani mai mata huɗu a matsayin wahaya: aikin gida da na gona nata, haihuwa tata, amma babu sadaki, babu haƙƙin matar aure. Nijar ta yi dokar hukunta bauta a 2003. A 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba inda za ta, wai matarsa ce. Da ta fita ta auri wanda take so, sai ya kai ta ƙara cewa ta yi aure kan aure, kotu ta yanke mata wata shida a gidan kaso.

Ƙungiyar Timidria ta Nijar, tare da Anti-Slavery International da Interights na Ingila, suka kai maganar kotun ECOWAS. A lura da wanda suka yi ƙara. Gwamnatin Nijar suka kai, bisa hujjar cewa alƙalanta sun ga bauta ƙiri-ƙiri a gabansu suka kau da kai. Kotun ta taso daga Abuja ta zauna a Yamai, Hadijatou ta tsaya ta ba da labarinta da bakinta. Ranar 27 ga Oktoban 2008 aka yanke cewa gwamnati ta gaza kare ta, aka umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10, kuma an biya. A wurina kuɗin su ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da aka samu. Gwamnatin da ta daɗe tana cewa bauta ta ƙare a ƙasarta ta ji akasin haka daga bakin alƙalai, kuma duk macen da ke cikin wannan hali ta samu hukuncin da lauyanta zai ɗaga.

Yau Nijar ta fita daga ECOWAS, tun 29 ga Janairun 2025, abin da ya toshe wannan hanya ga 'yan'uwanmu na Ɗan Isa da Maraɗi idan gwamnatinsu ce ta cuce su. Amma Najeriya na ciki. Kuma ko ba mu je Abuja ba, dokokin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu a 2009 sun sauƙaƙa ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu. A da, sai alƙali ya ce wa ƙungiya mene ne naki a ciki, ya kore ta. Yanzu ƙungiya na iya shigar da ƙara a madadin wanda aka zalunta, kuma daɗewar abin ba ta kashe ƙarar. Sashe na 46 na tsarin mulkin 1999 bai ware ɗan ƙasa da baƙo ba, saboda haka ɗan Nijar da aka ci wa zarafi a wannan gefen shi ma yana da bakin magana.

Mun ga abin da rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya yi wa Jibiya, da hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan rufewar 2023 da ta kai har Maris na 2024. Ba na cewa kotu za ta hana gwamnati tsare iyakarta. Amma duka, da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, da ƙwace kayan halak, babu dokar da ta halatta su ko iyaka a rufe take.

Abu na farko da ke kashe mana ƙara tun ba a shigar ba shi ne rashin shaida. Mutum zai zo bayan wata shida, raunin ya warke, bai je asibiti ba, bai riƙe ranar ba, rasit ya ɓata, waɗanda suka gani sun watse. Shi kuwa alƙali da takarda da shaidu yake aiki, komai gaskiyarka. Na biyu shi ne zaɓen wanda za a sa gaba. Idan kayan da aka kama akwai fasa-ƙwauri a ciki, kada a gina babbar ƙara a kansa, domin idan aka faɗi, hukuncin zai zama sanda a hannun waɗanda ake ƙara, a riƙa dukan kowa da ita.

Akwai kuma amana. Wanda sunansa ke kan takardar ƙara shi ne zai ci gaba da bin hanyar nan kullum, yana wuce shingayen waɗanda ya kai ƙara. Wajibi ne a faɗa masa gaskiya tun farko: shari'a na iya cin shekaru, za a iya tsorata shi, za a iya zuwa ta hannun iyayensa a ce ya bar wa Allah. Idan ya zaɓi haƙuri, haƙƙinsa ne, kada a tilasta shi. Idan ya yarda, ƙungiya ta ɗauki kuɗin motarsa, ta raka shi kotu, ta tsaya da shi ko bayan 'yan jarida sun daina zuwa. Kuma samun hukunci ba ya nufin an gama. A 2010 ƙungiyar SERAP ta yi nasara a kotun ECOWAS cewa ilimin firamare kyauta haƙƙin kowane yaro ne a Najeriya, ga shi har yau yaranmu na gararamba a tasha. Hukuncin da ba a bi shi da rediyo, da majalisa, da fadar hakimi ba, a cikin fayil yake tsufa.

Shugabannin ƙungiyoyin Kusa da Jibiya, ina roƙonku ku sayi littafi guda ku ba sakatare. Duk wanda ya kawo kuka, a rubuta rana, da wuri, da abin da aka karɓa, da sunayen shaidu biyu, a ɗauki hoton rauni, a kai shi asibiti a ranar a karɓo takarda. Idan littafin ya fara cika, ku nemi lauyan da kuka amince da shi ku zauna tare ku zaɓi ƙarar da za a fara da ita.