Wayar Tangaraho da Hukuncin Wanda Ya Taɓa Ta

Malamin da za ya koyar da labarin ƙasa a Nguru ko Gashuwa ba ya rasa abin da zai nuna wa yara, gama hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kano a Nguru ta tsaya, cikin 1930. Duk inda reluwe ta bi a zamanin Turawa, waya na biye da ita bisa turaku. Dalili kuwa shi ne hanyar guda ɗaya ce. Ba a sakin jirgi daga wata tasha sai an yi magana da tasha ta gaba an tabbata ba wani jirgi bisa hanya. In waya ta tsinke, sai jirgi ya yi ta jira, ko kuwa ya tafi cikin hatsari. Gyaɗa da fatu da ƙaro da shanun da a ke lodi a Nguru duk sai su tsaya. Mutumin Gashuwa ma, da jirgi bai kai garinsu ba, hasarar ta kan same shi, tun da ya ke a Nguru ya ke sauke kayansa.

Amma tun kafin ciniki, mulki ne ya kawo waya. An haɗa Ikko da Ingila da waya ta ƙarƙashin teku cikin 1886. Gwamna Lugga kuwa ma'aikatansa kaɗan ne, ƙasa ga faɗi, saboda haka ya matsa a ja waya zuwa manyan garuruwan Arewa. Sa'ad da mutanen Satiru suka karya sojan Turawa kusa da Sakkwato cikin Fabrairu 1906, ta waya labari ya iske shi a Zungeru. Masu tawaye su ma sun gane haka. A yaƙin Adubi na ƙasar Egba, cikin 1918, sun tsinke waya, sun tumɓuke ƙarafan reluwe. To, kun ga abin da ya sa Gwamnati ba ta ɗauki yanke waya kamar satar akuya ba.

A Ingila, dokar ɓarnar dukiya ta 1861 ta yanka ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ga wanda ya lalata wayar tangaraho. A nan abin ya fi haka. Littafin dokokin laifi da aka kafa a Arewa cikin 1904, aka shimfiɗa shi ga Nijeriya duka cikin 1916, an samo tushensa daga na Kwinsland, wata jiha ta Ostareliya. Ya ce wanda ya lalata kayan waya da gangan, ko ya cire su, ko ya hana saƙo wucewa, ya yi babban laifi, ana iya ɗaure shi har shekara 3. Wanda ya yi ɓarnar bisa sakaci kuwa tara kaɗan ce a kansa.

Wannan bambanci na ganganci da sakaci shi ya kamata a daɗe a kai cikin aji. Ga maƙeri ya sayi guntun waya ya ƙera mundaye. Ga yaro ya jefi tangaran ɗin da ke riƙe waya a kan turke, don ya gwada saitinsa. Ga maharbi ya sa wa daji wuta da rani, wuta ta ci har gindin turaku. Ga kuma mai raƙumi ya bi ƙarƙashin waya inda ta yi lanƙwasa, kayansa suka fizge ta. A tambayi yara, wa ya yi da nufi, wa kuwa ya yi da rashin kula? Za a ji gardama, musamman a kan yaron nan, gama ya nufi jifa, amma bai san saƙon wani ya ke tarewa ba.

Akwai wata doka kuma da ta fi wannan nauyi ga talaka, watau dokar hukuncin gayya ta 1915. Ta ba Gwamna iko ya ci gari duka tara in ya ga mutanensa sun ɓoye mai laifi, ko sun haɗa baki sun ƙi ba da shaida. Waya kuwa cikin daji ta ke bi, inda ba mai gani. Saboda haka dagacin da ta ratsa ƙasarsa ba ya barci da ido biyu, don ya san shi za a fara tambaya. A ganina nan ne adalci ya yi rauni. Tsohuwar da ba ta taɓa buga waya ba, ba ta kuwa san mai karanta mata ita ba, ana iya karɓar sulenta saboda ɓarnar da wani baƙo mai wucewa ya yi da dare.

Littafin nan na 1916 ya daina aiki a Arewa cikin 1960, sa'ad da sabon littafin dokokin Jihar Arewa, Final Kod, ya maye gurbinsa. Tangaraho ma ta shuɗe, tarho ya gaje ta. Amma tsananin bai tafi da Turawa ba, gama dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta sa wa mai taɓa wayar tarho ko ta lantarki hukuncin da ya fi ɗaurin shekara 3 nesa ba kusa ba.