Yadda Ake Raba Ɗakin Karatu da Kuɗin Cizo

Gara tana cin takarda, asu yana cin ulu, kyankyaso yana lasar gam. Kuɗin cizo ba ruwansa da duk wannan, jini kawai yake sha. Abin da ke riƙe shi a laburare ko gidan tarihi shi ne mutumin da zai zauna awa uku a kujera bai motsa ba. A jakar mai karatu yake shigowa, ko a ɗinkin rigarsa, ko cikin littafin aro da ya kwana mako biyu a gefen katifa. Tsabtar wuri ba ta hana shi. A 2023, lokacin da ya tayar da hankalin mutanen Faris, har laburaren birnin Amiyan sai da aka rufe na ɗan lokaci.

Saboda haka daga teburin karɓar littattafai aikin yake farawa. Kada littafin da aka dawo da shi ya wuce kanta kai tsaye. A shimfiɗa farar takarda, a buɗe littafin, a kife shi, a ɗan bubbuga. Sannan a haska tocila cikin kogon da ke tsakanin bango da ɗinki, don nan ne maɓoyarsa. Babban ƙwaron ja ne mai duhu, shafaffe, tsawonsa milimita 5 zuwa 7. Sau da yawa ba shi za a gani ba, sai alamunsa: baƙaƙen ɗigo kamar an yayyafa tawada, wato kashinsa, da saɓar da yake yi sau biyar kafin ya girma, da fararen ƙwai masu tsawon kusan milimita 1 da ke manne da takarda. Ƙwan shi ne matsalar. Mace ɗaya tana iya yin ɗaruruwa a rayuwarta, kuma cikin kwana 6 zuwa 10 suke ƙyanƙyashewa.

Da an ga alama, a saka littafin a leda mai kauri nan take, a liƙe bakin, a rubuta kwanan wata. Kada a ratsa ɗaki da shi a buɗe. Ajiye shi a leda a ce yunwa za ta kashe ƙwaron kuwa ɓata lokaci ne, yana iya yin watanni bai sha jini ba.

A nan ne hannu yake saurin kaiwa ga piya-piya, kuma a nan ya kamata a riƙe shi. Sinadarin da ke ciki yana cin ƙarfe, yana sauya launin wasu rinuna, yana kuma cutar da ma'aikacin da zai wuni a ɗakin. Balle ma shi ƙwaron ya daɗe da sabawa da guba. Maganin DDT ya kusan shafe shi daga Turai da Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, amma tun ƙarshen shekarun 1990 ya dawo, yawancin magungunan feshi ba sa yi masa komai.

Masu adana kayan tarihi sun fi dogara da sanyi. A matse iskar ledar, a saka a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, a bar shi mako guda. Idan an fito da shi kada a buɗe sai ya kwana ɗaya, don raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda, ba a kan takarda ba. Inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, a ajiye ma'aunin zafi a ciki. Firizar da ta narke a kwana na uku, ƙidaya ta koma farko. Ba komai ake daskararwa ba: tambari da kalangu masu fata a ɗaure, da hauren giwa, da zanen fenti suna iya tsagewa. Irin waɗannan ana rufe su ne a jakar da iska ba ta shiga, a cire iskar da ƙwaro ke shaƙa, a bar su kamar mako uku.

Zafi ya fi sauri, digiri 50 yana kashe ƙwaron da ƙwansa. Labule, darduma da littattafan yau da kullum ana iya ɗaure su a baƙar leda, a ɗora bisa katako a rana. Ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ta isa wannan aiki, muddin ba a jibge kayan ba, don idan tsakiya bai ɗauki zafi ba can ƙwaron zai gudu ya laɓe. A tsakiyar kayan ake cusa ma'auni. Amma tsohon rubutun hannu da ke cikin gafaka, kada a kai shi rana, fata tana bushewa ta ƙanƙance.

Sai kujeru, inda galibi gidansa yake. A bi ɗinkin kushin da ƙasan kujera da tururi mai zafi, a zuƙe da injin shara, a ɗaure abin da aka zuƙo a fitar waje. Kujerar ƙarfe ko ta roba ta fi kushin sauƙin tsaro. A Amurka wasu laburare har karnuka suke hayowa su shinshino shi. Tocila da haƙuri ma suna yi. Bayan mako biyu a sake dubawa, saboda ƙwan da ya tsira.

Shi kuma wanda ya dawo da littafin, a ja shi gefe a yi masa magana cikin sirri, ba a gaban jama'a ba. Wanda aka kunyata ba zai sake faɗa ba, sai dai ya ajiye littafi ya sulale. A ba shi leda, a ce, "Malam, idan za ka dawo da na gaba, sako shi a nan ka ɗaure."