Darasin Fiƙihu: Matafiyi Da Abin Shan Garin Mutane

Ya kai ɗalibi, ka sani kowane gari da abin shan da yake taƙama da shi. A yankin Bodo na ƙasar Faransa, akan shiga da baƙo ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda giyar inabi take cikin gangunan katako, a ce ya ɗanɗana. Nan gida ma, in ka haye gada zuwa Kakuri ko Sabon Tasha, za ka tarar da masu burukutu da masu bammi.

To, yaya abin sha ke zama giya? Zaƙin da ke cikinsa ne ke rikiɗa idan ya jima. Burukutu dawa ce ake jiƙawa ta tsira, a niƙa, a dafa, a ajiye ta yi kumfa. Bammi kuwa da zaƙinsa ake sauko da shi daga itace, amma kafin yamma ya fara bugarwa.

Allah Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Duk abin da mai yawansa ke sa maye, ko kurɓi ɗaya haramun ne. Tafiya takan sa a yi ƙasaru, a ajiye azumi, amma ba ta halatta "ɗanɗanawa kawai".

Saboda haka in an miƙo maka ƙwarya, tambayi mene ne. In giya ce, yi godiya, ka ce addininka ya hana, ka roƙi ruwa ko kunun zaki. Kada ka ci mutuncin mai masaukinka, maƙwabci ne, yana da hakki a kanka.

Allah Ya tsare mu, amin.