Yadda ake neman kariyar shari'a idan duka ya shigo gidan aure a Maraɗi

Mace ta sha duka ta yi yaji, a aika biko, a ce ta yi haƙuri, ta koma: sau da yawa nan maganar ke tsayawa. Alhali dokar hukunta laifuka ta Nijar tana hukunta duk wanda ya doki mutum ko ya ji masa rauni da gangan, kuma igiyar aure ba ta wanke mai duka. Rashin takarda yakan kayar da mata gaban alƙali, don kumburi yakan sace cikin kwanaki, shaida ta bi shi. Ga hanyar, 'yar uwa.

1. Ki tsira da jikinki tukuna. Ki nufi gidan iyaye, na waliyyi ko na maƙwabta. In da hali, ki ɗauki katin ɗan ƙasa, takardar aure da takardun haihuwar yara. In rai na cikin haɗari, lambar 'yan sanda 17 ce.

2. Ki kai ƙara da wuri. A cikin birni ki je kwamsariya, a karkarar Tibiri da Jiratawa kuwa wajen jandarmomi. Ki tambayi masu kula da sha'anin mata da yara. Da Faransanci za a rubuta bayaninki, saboda haka kada ki sa hannu ko ki dangwala sai an karanta miki shi da Hausa. Ki nemi takardar da za ki kai wa likita.

3. Ki je asibiti ranar, kada ki bari sai gobe. Ki nuna kowane rauni, har wanda zane ya rufe, ki karɓi sartifikar likita, don da ita alƙali ke auna girman ɓarnar. Wata amintacciya ta ɗauki hoton raunin da salula. In da fyaɗe a ciki, maganin kariya daga cutar sida ba ya jiran fiye da awa 72.

4. Ki nemi ofishin ANAJJ a babbar kotun Maraɗi. Hukuma ce da dokar 2011 ta kafa don talaka ya samu taimakon shari'a. Shawararsu kyauta ce, kuma matar da aka ci zarafinta, da mai neman kuɗin ciyarwa ko riƙon yara, suna cikin waɗanda dokar ta ba taimako kai tsaye.

5. Ki bi sawun ƙararki. Daga kwamsariya ko jandarmomi takardu suna zuwa hannun mai shigar da ƙara na gwamnati. In kin ga shiru, kina da ikon rubuta masa da kanki. Tibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa ƙarƙashin Madarumfa, kuma Gidan Rumji da Madarumfa kowacce da kotunta. Ranar shari'a ki zo da shaidu da rasitin magani, ki nemi diyya.

6. In za a yi sulhu, a yi shi a rubuce. Mai unguwa, sarkin Jiratawa, fadar Sarkin Gobir a Tibiri da ta Sarkin Katsinan Maraɗi duk suna sasanta rikicin aure, amma hukunta laifin duka aikin kotu ne. A Nijeriya, dokar VAPP ta 2015 ta tanadi umarnin kotu na hana mai duka kusantar mace. A nan Nijar kuwa, garkuwarki ita ce tarin takardu: alkawarin da ya sa wa hannu gaban sarki da shaidu, da kowace barazana da kika kai wa hukuma. Barazanar kisa ma laifi ce, ko ta waya ce, don haka kada ki goge saƙon.

Kowace takarda ki yi mata kofi biyu, ki ajiye ɗaya a gidanku ko wajen aminiya, nesa da ɗakin da aka doke ki. Ko kin koma bayan biko, ranar da hannu ya sake tashi, alƙali zai ga cewa ba yau aka fara ba.