Darasi Na 14: Sauro Da Tsutsar Zuciyar Kare

A ƙasar Bichi da Dambatta gonaki sun haɗe da gidaje. Kare shi ne mai gadinmu. Yana tsaron awaki da dare. Yana koron ɓarawo daga rumbu. In kare ya mutu, mun yi hasara.

Mun san sauro yana kawo mana zazzaɓi. To, yana kai wa kare wata cuta dabam. Sunanta tsutsar zuciya. Ana samunta a ƙasashe masu zafi da yawan sauro, har da Najeriya.

Ga yadda take shiga. Sauro ya ciji kare mai cutar, ya sha jininsa. A cikin jinin akwai 'ya'yan tsutsa ƙanana, ido ba ya ganinsu. Su yi kamar mako 2 a cikin sauron. Sa'an nan sauron ya ciji kare mai lafiya, ya zuba masa su. Bayan wata 6 sun girma, sun zauna a zuciya da jijiyoyin huhu. Tsawon babbar tsutsa yakan kai inci 12, wato ƙafa guda.

Da fari ba a ganin kome. Daga baya kare ya fara tari. In ya yi ɗan gudu sai ya gaji. Ya rame, wani lokaci cikinsa ya kumbura. A ƙarshe zuciya ta kasa aiki.

Warkar da cutar yana da wuya da tsada. Rigakafi ya fi magani. Ga abin da za mu yi:

1. Mu kai kare asibitin dabbobi, a duba jininsa.
2. In ba shi da tsutsar, malamin dabbobi zai ba mu maganin rigakafi. Ana ba kare sau 1 kowane wata.
3. Kada mu yi wa kare allurar tsutsa ta shanu da kanmu. In ta yi yawa tana iya kashe shi.
4. Da damina mu cike ƙananan ramuka. Mu kife fasassun tukwane da gwangwanaye. Kada mu ɗaure kare a bakin kududdufi.

In sauro ya ragu, kare ya tsira, 'ya'yanmu ma sun huta da zazzaɓi.

Tambayoyi

1. Me yake kai wa kare tsutsar zuciya?
2. Wata nawa take yi kafin ta girma?
3. Wane aiki za mu yi a gida da damina?